Carter da Reagan: Gardama a Kan Man Fetur da Zafin Rana

A shekarar 1979, bayan juyin mulkin Iran, man fetur ya yi wuya a Amurka. Motoci suka yi ta jerin gwano a gidajen mai, abin da mu ma muka sani sarai. Da zaɓen 1980 ya zo, manyan 'yan takara biyu suka tsaya, kowa da nasa magani.

Shugaba Jimmy Carter manomin gyaɗa ne daga Jojiya, mai koyarwa a makarantar Lahadi. Maganinsa shi ne tsimi. Tun 1977 ya fito a talabijin sanye da rigar sanyi, yana roƙon mutane su rage ɗumama gidajensu. A shekaran nan ya kafa Ma'aikatar Makamashi. A watan Yuni 1979 kuwa ya sa aka ɗora faifai 32 bisa rufin fadar shugaban ƙasa, masu ɗumama ruwa da zafin rana. Burinsa, kafin shekara ta 2000, kashi 20 cikin ɗari na makamashin ƙasar ya fito daga rana da iska da makamantansu. Amma kada mai karatu ya zaci hannunsa tsab yake, gama ya ƙarfafa haƙar kwal ƙwarai, hayaƙin kwal kuwa ya fi na fetur ɓata iska.

Ronald Reagan ya ce Amurka ba ta rasa mai ba, dokokin gwamnati ne suka ɗaure masu haƙa. A saki farashi, a buɗe filaye, a rushe ma'aikatan nan.

To, tsakanin mai cewa ka rage loma da mai cewa akwai saura a tukunya, ba wuya a san wanda za a bi. Ko da yake tsadar kaya da Amurkawan da aka tsare a Tehran su ma sun kā da Carter. Reagan ya ci jihohi 44 cikin 50.

A Janairu 1981 ya saki farashin mai gaba ɗaya, aikin da Carter kansa ya soma. Ma'aikatar dai ta gagare shi rushewa. A 1986 aka sauke faifan nan domin gyaran rufi, ba a kuwa mayar da su ba. A ganina wannan rashin hangen nesa ne. Duk da haka gwamnatinsa ce ta sa hannu a yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda ta taƙaita sinadarai masu huda rigar sama da ke tare mana mugun hasken rana.

Burin Carter fa? Da shekara ta 2000 ta zo, ba a kai ko rabinsa ba.