Haɗa Wayar Danjar Jirgin Ƙasa na Wasa

Mai sauraronmu, ka ce fitilun LED na danjar jirginka na wasa suna ƙonewa da ka kunna. To Malam, ga dalili: ƙwai ja ko kore volt 2 zuwa 3 yake bukata, taransifomarka kuwa DC volt 12 take bayarwa. Sai ka sa wa kowane ƙwai resisto mai ohm 1,000, ya rage ƙarfin wutar. Doguwar ƙafar ƙwan ta bi ta resisto zuwa makunni mai hanya biyu a ɓangaren (+), gajeriyar ta koma (−). Ka tura nan ja ya kama, ka tura can kore. Kada ka ɗebi wuta daga layin dogon, domin jirgi na tsayawa danja za ta mutu. Wutar gida kuwa, kul! Da fatan ka gamsu.