Zanen Bangon Damagaram Bai San Iyaka Ba

Wanda ya taso daga Garagumsa ya shiga unguwar Birni a Zinder, zaurukan ƙasa ne za su fara ɗauke masa ido: zankwaye a sama, dagi kwance a goshin ƙofa. Irin wannan aikin ake gani a Kano da Zariya.

Dalili kuwa, magina da fatake sun daɗe suna kai da kawo kafin Faransa ta ci Damagaram a 1899, Ingila ta ci Kano a 1903, aka shata iyaka tsakanin 'yan'uwa.

Siminti ya so binne sana'ar, amma ba ta mutu ba. A 2018, masu zanen gine-gine Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin ƙauyen Dandaji ɗakin karatu, tare da maginan gargajiya, suka gina sabon masallaci da tubalin ƙasa.