Iyafis da Dattin Kunne: Yadda Ma'aikatan Jinya Ke Cire Shi

Idan sautin iyafis ɗinka ya fara dusashewa a kunne ɗaya, kada ka yi saurin ɗora wa wayar laifi. Sau da yawa dattin kunne ne ya toshe hanya, kuma iyafis ɗin da kansa yana cikin abubuwan da ke tura shi ciki.

Wannan datti yana da amfani. Fatar ɓangaren waje na ramin kunne ce ke samar da shi domin ya tare ƙura da ƙwayoyin cuta, sannan motsin muƙamuƙi wajen tauna da magana yakan fito da shi a hankali. Ramin kunne bai wuce tsawon santimita biyu da rabi ba, saboda haka duk abin da aka cusa, ko tsinken auduga ne, ko ashana, ko murfin biro, ko iyafis na tsawon sa'o'i, yana iya danne dattin zuwa kusa da dodon kunne. A Yauri da Ngaski da Shanga akwai ƙarin dalili: masu kamun kifi da masu ninƙaya a Kogin Kwara da Tafkin Kainji, ruwa na shiga kunnensu ya kumbura dattin, sai mutum ya ji kunnen ya toshe lokaci guda.

To me ya kamata ɗalibi ya gani idan ya je asibitin kwaleji?

Da farko ma'aikaciyar jinya za ta yi tambayoyi. Dodon kunnenka ya taɓa fashewa? An taɓa yi maka aiki a kunne? Yana ciwo ko zubar da ruwa? Da kunne ɗaya kaɗai kake ji? Idan amsar ɗaya daga ciki "eh" ce, ba a wanke kunnen da ruwa, sai a tura ka wurin likita.

Daga nan sai ta leƙa kunnen da na'ura mai fitila, ta tabbatar datti ne ya toshe shi ba wata cuta ba. Idan ya yi tauri, za a ba ka maganin ɗigawa ko man zaitun ka yi amfani da shi kwana uku zuwa biyar. Wani lokacin wannan kaɗai ya wadatar.

Idan bai fita ba, sai wanki. Ana amfani da ruwa mai ɗumi daidai da zafin jiki, wato digiri 37, domin ruwan sanyi ko mai zafi yana kawo jiri. Ana jan kunnen sama da baya, a fesa ruwan a jikin bangon ramin, ba kai tsaye kan dodon kunne ba. Da ka ji zafi ko jiri, ka faɗa, a dakata. Bayan an gama a busar da kunnen, a sake leƙawa. Abin da ya gagara ana tura shi Babban Asibitin Yauri, ko wurin likitocin kunne a Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna.

Yanzu ana tallar wani tsinke mai kyamara da ake haɗawa da waya ta Wi-Fi. Hoton yana fita tsaf, amma allon waya ba ya nuna maka zurfin da ka kai, kuma hannu na iya zamewa ya huda dodon kunne. Ganin cikin kunne daban, iya aiki a cikinsa daban.

Wani haɗarin shi ne, kunne na toshewa sai mutum ya ƙure sauti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. Datti ana cire shi, amma jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa.

Saboda haka ka riƙa goge iyafis ɗinka, ka daina ba da aronsa, ka cire shi duk bayan sa'a guda kunne ya huta, kuma kada sauti ya wuce kashi 60 cikin ɗari. Bayan wanka, goge wajen kunne da tawul ya isa. Idan kuwa ji ya ɗauke maka farat ɗaya, kada ka zauna ɗiga mai, ka nufi asibiti a ranar.