Kumburin Kumatu Ba Iri Ɗaya Ba Ne

A ƙauyukan ƙasar Wudil, kamar sauran ƙasar Hausa, in kumatun yaro suka kumbura akan ce hangum ne, ko a kira wanzami ya yi sakiya. Alhali kuwa likitocin haƙori sun nuna cewa cututtuka dabam-dabam ne ke ɓuya a ƙarƙashin kumburin nan, kuma kowace da alamarta.

Mafi gaggawa ita ce cutar da likitoci ke kira noma. Sunan bai shafi aikin gona ba, kalmar Girkanci ce mai nufin cinyewa. Takan kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman masu tamowa ko waɗanda ƙyanda ta kayar. Da fari dasashi ke yin gyambo yana zub da jini, baki ya yi ɗoyi, kunci ya kumbura. Cikin 'yan kwanaki fata ta yi baƙi, nama ya zube. Wannan da ido ake gane ta, ba a jiran hoto. In an ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki tun tana dasashi, yaro ya tsira. In an yi sakaci kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tara cikin goma sukan mutu. A Sakkwato akwai asibitin yara na wannan cuta tun 1999, kuma a Disamba 2023 hukumar ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Sauran kuwa sai hoton ƙashi ya raba gardama. In ruɓaɓɓen haƙori ne ya tara mugunya, akan ga ɗan baƙin tabo a ƙarshen saiwarsa. In ƙarin nan ne mai suna amelobilastoma, wanda ke girma a hankali shekara da shekaru ba zafi, sai a ga muƙamuƙi ya yi ramuka kamar kumfar sabulu. Akwai kuma sankarar yara wadda Dokta Denis Burkitt ya bayyana a Uganda cikin 1958. Ita takan kumbura muƙamuƙi cikin makonni, haƙora su yi girgiɗi, a hoto a gan su kamar suna yawo a ruwa. Duk da haka likita ba ya yanke hukunci sai an yanki ɗan nama an auna.

Saboda haka muna jan hankalin iyaye su riƙa buɗe bakin 'ya'yansu suna dubawa, tun ba bayan ƙyanda ba. Wanda ya ga dasashi na jini, ko kumburin da ya ƙi sacewa, ya garzaya Babban Asibitin Wudil. In abin ya fi ƙarfinsu za a tura shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ƙwararrun likitocin baki da muƙamuƙi suke. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.