Suna, Sallah Da Ranar Haihuwa: Yadda Yaran Ƙasar Gumel Ke Tashi A Ƙetare

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya taɓa yin Sallah a Sule Tankarkar, ko a wani gari na ƙasar Gumel, ya san cewa ba sai an gaya wa yaro Sallah ta zo ba. Tun azumi yana da kwana goma masu tashe suka fara zaga gidaje da dare. Kafin a kai ashirin teloli sun daina karɓar ɗinki. Ranar jajibere 'yan mata sun ƙunsa lalle, an yi kitso, kuma da gari ya waye hayaƙin tuwon Sallah ya tashi daga kowane gida. Yaro ɗan shekara uku, wanda bai san lissafin wata ba, ya riga ya gane cewa wannan rana dabam take, domin kuwa gari ne baki ɗaya yake shaida masa.

To, yaya ke nan idan yaron nan a Landan yake, ko a wani birni na Amurka, inda ranar Idi kantuna suke buɗe, makaranta tana aiki, kuma maƙwabci bai san ana wani sha'ani ba? Wannan tambaya ta shafi ma'aikata da ɗalibai da yawa, domin 'ya'yan wannan masarauta, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar a Jihar Jigawa, suna cikin masu fita neman ilimi da aiki kamar sauran 'yan Arewa. Asusun TETFund da na PTDF sun sha tura malaman manyan makarantu da ɗalibai zuwa Ingila da wasu ƙasashe. Tun daga watan Janairu na 2024 gwamnatin Birtaniya ta taƙaita zuwa da iyali ga ɗalibai, ta bar damar ga masu digirin bincike da waɗanda wata gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Watau galibin masu ƙananan yara a can magidanta ne da za su yi shekara uku ko huɗu, kuma waɗannan su ne shekarun da yaro yake koyon abin da gidansu ya ɗauka da muhimmanci.

Yadda Ake Ƙidayar Yaro A Gida

Kada a ce Bahaushe bai damu da ranar haihuwa ba. Ya damu, har ma ya sanya ta cikin sunan yaro. Wanda aka haifa ranar Lahadi shi ne Ɗanladi ko Ladi, na Talata Talatu, na Laraba Balarabe ko Balaraba, na Alhamis Ɗanlami ko Lami, na Juma'a Ɗanjuma ko Jummai, na Asabar kuwa Ɗan'asabe ko Asabe. Wadda ta zo cikin watan azumi a ce mata Azumi, wanda ya zo da Sallah a ce masa Sallau. Saboda haka mutum yakan yi yawo da ranar haihuwarsa har tsufa, duk sa'ad da aka kira shi an ambace ta.

Abin da ba a saba ba shi ne a tsaya kowace shekara a yi taro a kan kwanan watan. Matakan girman yaro ne ake wa biki: suna a rana ta bakwai, fitar arba'in ga mai jego, yaye wajen shekara biyu, kaciya, sa'an nan saukar Alƙur'ani. Tsofaffi kuwa da aukuwa suke riƙe shekaru, su ce wane an haife shi shekarar fari, ko shekarar da aka naɗa Sarki, ko kuma shekarar da aka cire Jigawa daga Kano, watau 1991. Ko da yake tun 1992 akwai dokar da ta wajabta yin rajistar haihuwa a hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, takardar takan zauna cikin akwati har ranar da makaranta ta nema.

A ƙetare kuwa takarda ce kan gaba. A Ingila doka ta ba iyaye kwana 42 su yi rajistar jariri, a Sikotilan kwana 21. Daga nan kwanan watan nan ya bi yaron ko'ina: asibiti, allurar rigakafi, da ajin da za a sa shi a makaranta. A makarantar renon yara malama takan rubuta ranakun haihuwar 'yan ajin a jikin bango, in ta wani ta zo a yi masa waƙa, wani lokaci uwarsa ta aiko da kek a raba. Ana nan sai katin gayyata ya fara shigowa gida cikin jakar yaro. Kafin iyaye su yanke shawara a kan al'amarin, yaron ya riga ya tambayi uwarsa yaushe ne nasa.

Suna Ba Dangi

Tun ranar suna magidanci yake fara gane nisan gida. A Sule Tankarkar uban jariri ba ya rasa mataimaka. Liman da dattawan unguwa sun hallara a ƙofar gida da sassafe, an raba goro, an yi addu'a, an raɗa suna, mahauci ya feɗe rago, wanzami ya yi aski. A cikin gida kuwa kaka da gwaggo da inna sun karɓi jaririn, ana dama kunun kanwa, mata suna shigowa da kayan barka. Mai haihuwar fari ma sau da yawa a gidan iyayenta take yin jego.

A ɗakin haya na ɗalibi babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. A Birtaniya yanka irin na addini sai a mayanka mai lasisi, don haka da yawa sukan aika kuɗi gida a yanka ragon a can, 'yan'uwa su taru su ci, su kuwa iyayen su kalli taron ta wayar hannu. Uba ne zai yi huɗuba, shi zai yi aski, shi kuma zai tafi kanti sayen kayan jarirai kafin ya koma ɗakin karatu. Wadda ta fi shan wuya ita ce mai jego, domin ba ta da mai dafa mata ruwa, ba ta da mai karɓar goyo ta runtsa. Ya kamata duk wanda zai tafi da iyali ya yi wannan lissafi tun kafin jirgi ya tashi.

Sallah Mai Yawo

Wani abin da ke rikita yaro shi ne, ranar haihuwarsa tana nan daram a kalanda, amma Sallah tana yawo. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta Miladiyya kuwa 365 ko 366, saboda haka kowace shekara Sallah takan matso da kimanin kwana goma sha ɗaya. Misali, yaron da aka haifa ranar Ƙaramar Sallah ta 2024, watau Laraba 10 ga Afrilu, Sallau ne kuma Balarabe. Amma a 2025 an yi Sallar a Nijeriya ranar 30 ga Maris, tun kafin ya cika shekara a lissafin takarda. Sai bayan kimanin shekara 33 ranakun biyu za su sake kusantar juna. A shekarar 2000 ma Ƙaramar Sallah sau biyu ta faɗo, ɗaya a Janairu, ɗaya a ƙarshen Disamba, daf da Kirsimeti.

A ƙasar Gumel wannan yawo bai cika damun kowa ba, tun da tsawon yini bai wuce tsakanin awa 11 da 13 ba duk shekara. A Landan kuwa yinin watan Yuni ya haura awa 16, na Disamba bai kai awa 8 ba. Sallar da yaro ya gani a filin wasa cikin rana yana ɗan shekara biyu, ita ce zai gani cikin sanyi da duhu idan ya zama saurayi.

Ga kuma batun hutu. A Ingila ranar Idi ba ranar hutun ƙasa ba ce, amma dokar ilimi ta 1996 ta yarda yaro ya ƙi zuwa makaranta a ranar da addinin iyayensa ya keɓe don ibada, sai dai a sanar da makaranta. A birnin New York na Amurka, tun 2015, zamanin Magajin Gari Bill de Blasio, aka sanya Sallolin nan biyu cikin ranakun hutun makarantun gwamnati. Da yawan iyaye ba su san suna da irin wannan dama ba, sai su kai yaro makaranta da safe, su ce a yi Sallar ranar Asabar. Alhali kuwa tun watan Nuwamba yaron yake ganin fitilun Kirsimeti a titi, makaranta tana shirin wasanni, ga hutu na kusan mako biyu. Idan babu wanda ya tsaya masa a gida, shi da kansa zai yanke hukuncin wace rana ce babba.

Darasin Zango

Ba yau Hausawa suka fara zama a ƙasar wasu ba. Mutumin Maigatari da ya ƙetara iyaka zuwa Damagaram a takarda baƙo ne, amma suna da Sallah duk irin na gida zai tarar, illa dai akan sami shekarar da Nijar ta riga Nijeriya ganin wata da kwana ɗaya. Waɗanda suka yi nisa su ne abin dubawa. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan, kuma zuriyarsu ta riƙe harshe da al'ada fiye da shekara ɗari. Haka fataken goro suka kafa zanguna a Kumasi da Akara a ƙasar Gana.

Abin da ya riƙe su a fili yake. Duk inda suka sauka unguwa suke kafawa, da sarkin zango, da liman, da makarantar allo, da mahauci, da wanzami. Yaron zango yakan fito ranar Sallah ya tarar da sa'o'insa cikin sababbin kaya, su bi gida gida yawon barka da Sallah. Ɗalibin yau ba shi da ikon kafa unguwa, amma yana da ikon neman gidaje uku ko huɗu na 'yan'uwa a birnin da yake, su sa rana ɗaya, a dafa tuwo da miyar taushe, yara su zaga hannun manya su karɓi goron Sallah. Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ra'ayin Malamai Da Nauyin Aljihu

Game da bikin ranar haihuwa kansa, malamai sun saɓa. Marigayi Shaihu Abdul'aziz bin Baz na Saudiyya ya hana, yana ganin ƙirƙira ce da kwaikwayon wasu. Hukumar Fatawa ta Masar kuwa ta halatta, muddin an ɗauke shi al'ada da godiya ga Allah, kuma babu saɓo a ciki. Kowane magidanci yana da malamin da yake bi, shi ya kamata ya tambaya. Amma ko wane ɓangare mutum ya bi, wajibi ne ya yi wa yaro bayani da harshen da zai gane. Ɗan shekara huɗu da aka hana zuwa taron abokinsa ba tare da dalili ba, abin da zai riƙe kawai shi ne gidansu gidan hani ne. Wasu iyaye sukan bi hanya ta tsakiya: a ranar a yi wa yaro addu'a, a ba da sadaka da sunansa, a kira kakanninsa su sa masa albarka, a ba shi labarin yadda aka haife shi da wanda aka yi wa takwara.

Akwai kuma gasa, wadda take cin aljihu. Kama zauren taro, da kek, da mai ɗaukar hoto, da ƙunshin kyauta ga kowane baƙo, duk don yaro ɗan shekara ɗaya wanda ba zai tuna komai ba, nauyi ne ga mai rayuwa da kuɗin tallafin karatu. Hotunan kuma sukan iso gida ta waya, su sa 'yan'uwa su zaci ana cikin daula, buƙatu su ƙaru.

Abin Da Ya Rage Ga Iyaye

Ranar haihuwa a ƙetare ba ta buƙatar mai tuni, domin makaranta da asibiti da abokai sun ɗauke wannan aiki. Sallah ce ba ta da kowa sai iyaye. Saboda haka kyautar da ta fi girma a ajiye ta sai ranar Idi. A ɗauki hutun aiki, a rubuta wa makaranta, a ɗinko kaya daga gida tun da wuri, a ƙunsa wa yarinya lalle, a tafi masallacin Idi da yaro ko da zai yi ƙiriniya. A koya masa gaisuwa da Hausa, yadda idan an miƙa masa waya zai iya cewa barka da Sallah ga kakarsa, ya kuma amsa in ta tsokane shi da wasan jika.

Wanda Allah Ya hore wa kuɗin jirgi kuwa, ya daidaita zuwansa gida da Sallah ko da sau ɗaya kafin yaro ya kai shekara bakwai. Ya ɗora shi a kafaɗa ya ga hawan Mai Martaba Sarkin Gumel, ya ji tambari da algaita, ya bi 'yan'uwansa yawon Sallah a Danzomo ko Jeke har ƙafarsa ta yi ƙura. Da yawan masu fita karatu dawowa suke yi, kuma yaran nan a makarantunmu za su ƙarasa. Wanda ya dawo ya san ranakun gidansu ba zai zauna baƙo a tsakar gidan kakansa ba.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya dawo da matafiya gida lafiya, amin.