Zane Maras Sura da Gobarar Grenfell

Akwai wani fanni na zane wanda ba ya kwaikwayon surar mutum ko dabba, sai launi da layi kawai, amma ma'abota basira kan tsinci ma'ana a cikinsa. Ɗaya daga cikin masu irin wannan zane, Julie Mehretu, wadda aka haifa a Adis Ababa a 1970, takan ɗauki hotunan jaridu, kamar na gobarar benen Grenfell a Landan, mazaunin masu ƙaramin ƙarfi, inda mutum 72 suka rasu a 2017, ta dusashe su a kwamfuta har su koma hazo, sa'an nan ta bi su da fenti da tawada. Isharar kuwa ita ce, haka kukan talaka yake dusashewa a wurin mahukunta, domin mazauna benen sun sha yin gargaɗi tun kafin musibar ta auku.