Ba Kowace Na'ura Ke Karanta Kowane Kaset Ba

A gidaje da yawa na Sakkwato, daga Kanwuri har Mabera da Runjin Sambo, akwai kwalin da aka tura ƙarƙashin gado cike da tsofaffin kaset na bidiyo. Wani na ɗaurin aure ne, wani na walimar saukar Alƙur'ani, wani na naɗin sarauta, wani kuma tafsirin malamin da tuni ya riga mu gidan gaskiya. Ranar da aka tashi neman su, sai a ari kowace na'ura aka samu a cusa, a ɗauka duk kanwar ja ce. Ta haka ake kashe kaset ɗin da babu irinsa a ko'ina.

Wanda muka fi sani shi ne VHS, wanda kamfanin JVC na Japan ya fito da shi a 1976. Shi ya cika shagunan haya, kuma a kansa finafinan Hausa suka tashi tun daga Turmin Danya a Kano a 1990. Amma kayan gida ne. Gidajen talabijin suna da nasu daban. Da fari sun yi aiki da U-matic na kamfanin Sony, wanda ya fito a 1971, ƙaton kaset mai faɗin zare kashi uku cikin huɗu na inci, alhali na VHS rabin inci ne, don haka ko bakin na'urar gida ba ya shiga. Daga baya Betacam ya zo a 1982, sai Betacam SP a 1986.

A nan ne mutane suka fi ruɗewa. Sony yana da wani kaset na gida mai suna Betamax, na 1975, wanda VHS ya kore daga kasuwa. Ƙaramin kaset na Betacam da na Betamax girmansu ɗaya, faɗin zarensu ɗaya, in ka ajiye su gefe da gefe sai ka duba tambari kafin ka bambanta. Na'urar Betamax za ta ma iya haɗiye na Betacam, amma hoto ba zai fito ba. Dalili kuwa, Betacam yana jan zare da gudun da ya ninka na Betamax kusan sau 6, kuma yana rubuta haske a layi ɗaya, launi a wani layin. Kamar takarda iri ɗaya ce, ɗaya an rubuta ta da ajami ɗaya da boko: wanda bai iya ba, sai dai kallo. Saboda haka duk wanda ya gaji kaset daga mahaifin da ya yi aikin talabijin, ya fara karanta abin da ke jikinsa.

Ƙananan kaset na kyamarar masu ɗaukar biki su ma kashi-kashi ne. VHS-C zarensa na VHS ne, ana saka shi cikin wani gidan kaset na musamman ya yi aiki a bidiyon gida. Video8 da Hi8 da MiniDV ba su da wannan hanya ko kaɗan, sai kyamara ko na'urar jinsinsu. Duk mai gyaran da ya ce zai samo maka abin da zai sa Hi8 ya shiga VHS, kuɗinka kawai zai ci.

Akwai kuma matsalar da ta shafe mu mutanen bakin iyaka. A zamanin kaset, Najeriya tana kan tsarin talabijin na PAL, Nijar tana kan SECAM irin na Faransa, Amurka kuma NTSC. Kaset ɗin da ɗan'uwa ya aiko daga Birnin Ƙonni ta Illela yakan fito baƙi da fari a na'urarmu, wanda aka zo da shi daga Amurka kuwa hoton ya yi ta birgima ko ya ƙi fitowa. Lafiyarsa lau, na'ura mai karanta tsari da yawa yake bukata. Haka wanda aka naɗa da gudun LP don a samu ƙarin awoyi, bidiyon da gudun SP na yau da kullum kaɗai ya sani zai nuna shi da gudu da murya kamar ta yara. Kada a jefar da irin waɗannan.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne lokaci. Kamfanin Funai, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera bidiyon VHS, ya daina a 2016. Na'urorin da suka rage tsufa suke yi, robobinsu na tsinkewa, masu gyaran da suka san cikinsu suna ƙarewa. Shi kansa zaren ba ya jure zafin bazararmu da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga danshin damina mai kawo fumfuna. In ka leƙa ta gilashin kaset ka ga fari-fari a kan zaren, kada ka saka shi, zai ɓata kan na'urar ya kuma shafa wa na bayansa. A jera su tsaye a ɗaki mai sanyi, nesa da lasifika saboda maganaɗisu. A ɓalle ɗan haƙorin robar da ke gefen VHS don kada a naɗi wani abu a kai. Kafin a ba na'urar aro kaset mai daraja, a gwada ta da wanda ba a damu da shi ba. In an tura hoton cikin kwamfuta, a yi kwafi biyu a wurare daban, a kuma riƙe na asalin.

Kaset na ma'aikata kuwa ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ina kira ga NTA Sakkwato da gidan talabijin na Rima da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su haɗa hannu su tanadi na'urar U-matic da Betacam da VHS masu aiki a wuri guda, inda jama'a za su kawo nasu a juya musu. Duk hoton da aka ɗauka na Sarkin Musulmi Abubakar na III, wanda ya rasu a 1988, ko na Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, in zarensa ya ruɓe ba mai sake ɗauko shi. Mai kaset a gida, ka buɗe kwalin nan tun kafin bazara ta sake zagayowa.